Rigar Robar Abu Fahad

Ajiye almakashin nan, ya walad, kai yaro da kai nake, kafin ka yanke mini abin da ba za ka iya mayarwa ba. Tun ɗazu kuka shigo kuna taɓa wannan kuna shinshina wancan, kuma na ji ɗayanku yana cewa da Larabci wai aikin Kawu Hamidu ai faci ne kawai, irin na mai gyaran taya. To na ji, kunnena ƙalau yake. Ku ja kujera ku zauna. In kun ga dama ku amsa mini da Larabcin naku, ni dai da Hausa zan yi, don da ita na fi iya masifa.

Wannan baƙar abar da kuke gani a rataye, ita ce rigar roba, wadda masu nutso da masu iyo a teku suke sawa daga wuya har idon sawu. Mutane sun sha yi mini dariya. Su ce, Hamidu, kana zaune a gindin dutsen Uhudu, hagu dabino dama dabino, ina ka ga teku da za ka buɗe shagon gyaran rigar ruwa? Ai tekun yana Yanbu, kuma mutanen Madina ne suke cika shi duk Alhamis da Juma'a. A can suke yaga rigar, a nan suke kawo ta ranar Asabar tana warin kifi.

Da tob na fara, wannan farar doguwar rigar da ke jikinku, a shagon mahaifina. A farkon shekarun casa'in na tafi Yanbu ɗinka rumfar jiragen ruwa, a can na haɗu da Usta Bukar (usta shi ne gwanin sana'a), wani Bahaushen Sudan, tsohon mai nutso, kunnensa ɗaya ya mutu saboda zurfin ruwa. Da shi ba a hira sai da ihu. Ranar da na ce ina son koyo bai ba ni allura ba. Ya ɗauko wata rigar roba mai faɗi ya ce in sa. Na sa, na ji daɗinta, har na ce masa ai haka ake riga, mutum ya sha iska. Ya ce tayyib, ya ja ni bakin gadar da jirage suke tsayawa, ya sa tafin hannu a bayana ya hankaɗa. Wallahi ruwan sanyi ya shiga ta wuya ya fita ta ƙafa, wani ya sake shiga, rigar ta cika ta yi nauyi, ina iyo tana iyo nata daban. Da ya jawo ni ina karkarwa ya ce, "Ka gane? Hannun telan tob kullum yana barin wuri. A nan wurin da ka bari, teku ne zai zauna a ciki." Ruwa kaɗan ake so ya shiga ya maƙale tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi. Wannan shi ne darasin farko, kuma da mura na biya kuɗinsa.

Yaga ta farko da ya bar ni na gyara ni kaɗai, a gwiwa take, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Kuna tsammanin shafa gam ake a danna? Sai ka wanke gishirin, ka bari ta bushe a inuwa. Ka shafa baƙin gam a leɓen nan, ka shafa a wancan, sannan ka naɗe hannu ka jira. Jiran nan shi ne aikin. In ka haɗa da wuri ba zai kama ba, in ka tafi shan shayi ka daɗe ya mutu. Sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji yana ɗan riƙe ka amma ba ya biyo ka. Bayan nan ka ɗauki lanƙwasasshiyar allura, ka shiga rabin kaurin robar ka fito ta gefen da ka shiga, ba tare da ka huda ta gaba da baya ba. Duk hudar da ka yi ƙofa ce ka buɗe wa ruwa. Kayan aikin ke nan: gam, allura, farin alli, almakashi mai kaifi, da ledar kanti da shamfu, waɗanda su ne suke zura mutum cikin rigar.

Masu kawo aiki kuwa, Allah dai Ya ba mu haƙuri. Wani malamin jami'a ɗan Zariya ya zo ya ce in fitar masa da aljihu a ƙirji, na asuwaki da makullin mota. Na ce ranka ya daɗe, a ƙarƙashin teku wa za ka yi wa murmushi? Wani mai kantin magani ya dawo mini a fusace, wai rigar tana shaƙe shi, na lalata ta. Na ce ya sa in gani. Ya shiga bayan labule ya yi ta nishi, ya fito zik ɗin yana gaba. Wata uku yana sa ta a baibai, gwiwoyin rigar suna bayan ƙafarsa. Samari masu atisaye a wurin iyo lokacin sanyi su ma sukan zo, kowa yana son tasa ta matse fiye da ta abokinsa, su gwada a shago da rana tsaka, su fito jiƙe sharkaf ba su ga ruwa ba.

Sai aka yi wata shekara da ba na son tunawa. Wani ya ce ya ga babban kifi mai cin mutane kusa da gaɓa. Wanda ya ji ya ce biyu ne. Kafin labarin ya iso Madina kifin ya haɗiye jirgi da injinsa. Babu wanda ya ga ko jelarsa, amma iyaye mata suka hana kowa zuwa ruwa, shago ya mutu murus. Na koma kalmasa bakin tob. Robar da na tara kuwa na yayyanka ta, ina yi wa tsofaffi matashin gwiwa na salla, ina yi wa butar shayi mariƙi. Kala-kala ne, rawaya, shuɗi, har da ruwan hoda na rigunan yara. Na sha baƙin ciki a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba.

A ƙarshen wannan shekarar Yakubu ya shigo, wanda ake kira Abu Fahad, abokina tun muna yara a unguwar Ƙurban. Aikinsa ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. Kun san jakar alhaji in zai koma gida, dabino a ciki, darduma a ciki, agogon bango a ciki, ga jarkar zamzam a sama. Shekara da shekaru yana jidar wannan, har bayansa ya ce ya gaji. Ranar da ya zo a karkace ya shigo, yana dafa bango. Wani likita ɗan Kano ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in ya sake yin aikin Hajji ɗaya yana wannan ɗauka, a keken guragu zai ƙarasa rayuwa. Ga 'ya'ya, ga haya, ga Hajjin tana matsowa. Sai surukinsa ya samo masa aiki a wani jirgin ruwa a Yanbu mai kai mutane kamun kifi, aikin miƙa igiya da dafa shayi da lura da fasinja. Mai jirgin, wanda ake ce wa Rayyis, sharaɗinsa ɗaya ne. Duk wanda zai yi masa aiki sai ya faɗa teku daga jirgi, ya yi iyo ya taɓa wata jar ganga da ke ɗaure a kan ruwa can nesa, ya dawo. Lokacin sanyi ne, don haka ya yarda a sa rigar roba.

Na ce, "Abu Fahad, ka iya iyo?"

Ya ce, "Na iya wanka."

Na ce to alhamdu lillahi, da sauranmu.

Rigarsa ita ce aiki mafi wuya da na taɓa yi. Mutumin kafaɗarsa ta ɗan dambe ce, ƙafafunsa sirara, ciki kuwa ya riga shi shiga ɗaki. Babu irin wannan a kanti. Riguna biyu na farke na haɗa guda, na yi wa tumbin nasa ɗaki na musamman, na ƙara kauri a ƙirji da cinya don robar ta ɗaga shi a ruwa. Ranar gwaji na sa masa leda a ƙafa, na shafe shi da shamfu, ina ja yana salati. Da ya tsaya gaban madubi ya ce, "La ilaha illallahu. Usta, ai wannan tsirara ce aka shafa wa baƙin fenti. Ni da nake da suruki? Ka sassauta ta." Na ce ko zare ɗaya ba zan sassauta ba.

Tunda babu teku, sai muka koma birka, wato tafkin siminti da masu gonar dabino suke tara ruwan rijiya a ciki don ban ruwa. Wani maƙwabcinsu a Ƙurban ya ba mu aron tasa. Ruwan nan da safe sanyinsa har cikin haƙori. Abu Fahad ya fito daga bayan dabino ya ɗora farin tob a kan rigar robar, wai don kunya. Na ce cire. Ya ce wallahi ba zai cire ba. Ya faɗa ruwa, iska ta cika tob ɗin, ya tashi ya kumbura ya rufe masa kai ruf, sai ga wata farar laima tana yawo a birka tana kiran sunana. Mai gonar ya yi dariya har ya zauna a cikin kwata. Da ƙyar muka kamo shi da sandar girbin dabino. Washegari ya zo da tob ɗin, amma ya rataye shi a reshe, bayan ya sa mai gonar ya rantse ba zai kalla ba.

Haka muka yi ta yi har sanyi ya yi nisa. Ya sha ruwan birkar nan har na ji tsoron dabinon mutumin zai bushe. Amma a hankali ya fara tafiya daga wannan bango zuwa wancan, yana dukan ruwa kamar yana bin sa bashin gaba, rigar tana riƙe da shi a sama. Ba kyau a iyon, amma yana isa. Ana jibi za mu tafi na wanke rigar, na duba kowane ɗinki, na ba shi na ce ya kai gida ya rataye a inuwa.

Ranar Alhamis muka kama hanyar Yanbu bayan asuba, ni da shi a gaban mota, matarsa Ummu Fahad da 'ya'yanta mata a baya da kulolin shinkafa. Mace ce mai tsafta ta ban mamaki. Abu Fahad ɗan dako ne, amma bai taɓa fita da tob mai lanƙwasa ba, ko hularsa sai ta sha turare. Da muka isa suka shimfiɗa tabarma can nesa a ƙarƙashin rumfa. Ta kira shi ta miƙa masa wani ƙunshi a cikin farin zane, na ji tana cewa, "Ga ta nan, Abu Fahad. Jiya na wuni a kanta. Ba za ka je gaban mai gida da riga a yamutse tana warin taya ba."

Tun kafin a kwance ƙunshin na san akwai magana.

Muka zagaya bayan mota muka buɗe. Ƙamshi ya fara dukanmu, turaren wuta mai tsada, wanda ake ajiye wa ranar biki. Ashe ta kifa rigar a kan kasko ta sha hayaƙi har ta ƙoshi. Sannan ta goge ta. Da dutsen guga, ya walad! Ta fitar mata da kari a ƙafa da hannu, miƙe sambal kamar wandon soja. Ita robar nan cike take da 'yan ƙananan kumfa na iska, su ne suke ɗumama mutum su ɗaga shi. Duk inda dutsen ya bi ya murƙushe su, wurin ya yi sheƙi ya ƙanƙance ya yi tauri. Zafin kaskon kuma ya saki gam ɗin ɗinki. A duk shekarun da na yi ina gaya wa mutane kada a shanya a rana, kada a sa a injin wanki, ban taɓa jin wanda aka ce masa kada ya yi guga ba, don ba a taɓa yi ba.

Na buɗe baki zan yi ihu, Abu Fahad ya toshe mini shi da hannu. Ya ce, "Usta, na haɗa ka da Allah. In ta ji, ba za ta ƙara cin abinci ba sai an yi sati."

Na ce, "To ka shiga da ƙamshin, ko kifi zai yi maka maraba."

Rayyis kuwa yana kan jirgi yana duba agogo. Ya aiko cewa iska tana tashi da azahar, kuma akwai wani da yake son aikin, gobe zai zo. Aron riga ba zance ba ne, duk Yanbu babu mai ɗaukar cikin nan. Na ɗauko jakar aikina, wadda ba na tafiya ba ita. Leda a ƙafa, shamfu rabin kwalba. Ƙafafu suka shiga da kuka. Da muka zo ciki na ce ya ja numfashi ya riƙe, na taka bayan mota na ja. Ta wuce. Ya sa hannu, na ja zik, ya saki numfashin, sai ji muka yi ɓaaar! Ta tsage daga hammata ta ratsa ƙirji har ɗaya hammatar. Cire ta kuma ba zai yiwu ba, in ta fita ba za ta sake shiga ba.

Na ce, "Kwanta." Ya kwanta a kan yashi a bayan mota. A jikinsa na yi facin. Ragowar matashin gwiwar tsofaffi ne kawai a jakata, na jera masa rawaya a dama, shuɗi a hagu, ruwan hoda a tsakiya, na ninka biyu don ya sami abin da zai ɗaga shi. Abu Fahad mutum ne mai gashin ƙirji, kuma gam ba ya tambaya. Na gaya masa gaskiya, na ce yana kama gashin, in ka fito da wuri na sa mai na saki abin da zai saku, in ka daɗe sai dai almakashi da haƙuri. Ya ce, "Shafa." Muka jira gam ya yi, ni ina fifita shi da murfin kula, shi yana kallon sama yana istigfari.

Da ya hau jirgi Rayyis ya dube shi daga karin ƙafa har facin ruwan hoda, ya shaƙi iska, ya ce, "Masha Allah. Ango ne?" Aka tuƙa zuwa inda ake tsayawa, jar gangar tana can tana rawa a kan ruwa. Abu Fahad ya yi bismillah, ya toshe hanci, ya faɗa.

Ƙafafun rigar sun mutu da guga, ƙirji kuma ya sha faci biyu, don haka sama ta tashi ƙasa ta nutse. A tsaye yake iyo, kai a miƙe, kamar mai ratsa kasuwa yana neman wani. Amma yana tafiya. Ya yi nisa sai na ga wani abu rawaya ya ɓullo a bayansa yana yawo shi kaɗai. Facin dama ya tafi. Ruwan sanyi ya shiga, muka ji ya ƙwala, "Ya Laɗifu!" Ya tsaya. Igiyar ruwa ta mare shi, ya sha, ta sake marinsa. Ya juyo yana kallon jirgi, na ga idonsa, na san ya kusa cewa a zo a ɗauke shi. Rayyis ya sa hannu a kan tayar ceto. Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da ke jiransa in ya dawo ta wannan hanyar.

Na riƙe hannun Rayyis, na leƙa na buɗe murya. "Yakubu! Dawo abinka! Jirgin alhazai ya sauka, jakunkuna suna can sun yi layi suna tambayarka! Akwai wata mai injin niƙa a ciki, ta ce kai take so!"

Ya tofar da ruwa ya zage ni, zagin da ban ji irinsa ba tun muna yara. Ya juya ya ci gaba da dukan teku. Ya isa gangar, ya rungume ta, har sumbatarta ya yi. Dawowar ta fi tsawo, shuɗin facin ma ya bi ɗan'uwansa, amma na tsakiya ya riƙe, don shi gashi ya kama da kyau. Ya zo ya dafa jikin jirgi yana huci. Rayyis ya ce, "Iyonka muni gare shi, amma ba ka nutse ba. Halas, shi ke nan, ka zo ranar Asabar."

Na miƙa masa hannu na ce, "Yalla, hau maza, gam yana ci." Sai ya saki jirgin. Ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya baza hannuwa, cikin nan ya fito sama da facin ruwan hoda a kansa, ruwa yana ɗaga shi yana saukewa. Na ce, "Abu Fahad, kana ji na? Duk minti ɗaya gashi ne!"

Bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Usta, bar gashin ya tafi. Bayana ya yi shiru. Tun ina saurayi nake ɗaukar kayan mutane, yau na sami abin da ya ɗauke ni. Ku ɗan ba ni lokaci."

Rayyis ya dube ni, na dube shi. Ya kashe injin, ya ɗora buta a wuta, muka zauna muna jira.